Haihuwar guzuma: jami'o'i sai ƙaruwa suke, karatu kuma yana kwance

Kwanakin baya aka wayi gari ana ta murna a garinmu, wai ɗan majalisarmu ya kai ƙudirin kafa jami'ar tarayya a ƙaramar hukumarmu har ya tsallake karatu na biyu a zauren majalisa. Kafin azahar an buga fosta, yaran soshiyal midiya sun cika Facebook da "jagora ya sake yi", wani abokina ma har ya fara cigiyar fili kusa da inda ake tsammanin za a kafa ta don ya gina ɗakunan haya. Da daddare a majalisarmu ta wajen mai shayi na ce ni fa ban ga abin murna ba, kai ka ga yadda aka yi mini ca. Wani dattijo abokin mahaifina ya ajiye kofinsa ya ce, "Kai ɗan nan, ashe kai ma ba ka son ci gaban garin nan? Waɗanda aka kai wa garuruwansu da me suka fi mu?" Na ce, "Allah ya huci zuciyarka Baba, ba haka nake nufi ba," na ja bakina na yi shiru tunda ba a sa-in-sa da babba a gaban jama'a. To abin da ban iya faɗa masa a wajen ba shi zan faɗa yanzu.

Bari in fara da ƙanina. Ya shiga jami'a a zangon 2018/2019, kwas ɗin shekara huɗu, muka yi lissafi a gida cewa zuwa 2022 ya gama, 2023 yana bautar ƙasa. Sai ga yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2020, daga watan Maris har Disamba, wata tara cur, ga korona ta haɗu ta rufe komai. Aka koma, ana kukan targaɗe sai ga karaya, ranar 14 ga Fabrairu 2022 aka sake tafiya, ba a dawo ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas. Watanni goma sha bakwai kenan yaro yana zaune a gida a cikin shekara uku, kuɗin hayar ɗakin da muka biya masa a wajen makaranta ya ƙone yana kulle da kwaɗo, don mai gida ba ruwansa da wani yajin aiki. A yajin na biyu ne ya ce mini, "Yaya, ni fa na manta abin da muka karanta a aji biyu, in aka koma gobe aka ce jarrabawa wallahi ban san me zan rubuta ba." Kuma haka aka yi, aka koma aka matse semista a 'yan makonni aka yi jarrabawa, kowa ya samu abin da ya samu. Wani abokinsa da ya shiga makaranta da ɗan shekaru sai da yajin aikin nan ya tsallakar da shi shekara 30, ka san kuwa wanda ya wuce 30 lokacin kammalawa ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Ni kaina na ɗanɗani na 2013, daga Yuli zuwa Disamba, a lokacin ne na koyi gyaran waya, wanda in gaskiya za a faɗa ya fi kwalin nawa ciyar da ni.

To jami'ar da ƙanina ya yi ba sabuwa ba ce, tana cikin waɗanda ake tutiya da su. In wannan ce halinta, wadda za a kafa a garinmu a cikin tsohon ginin sakandare da aka shafa wa fenti fa?

Kawuna ya yi karatu a Zariya a shekarun 1970, in ya fara ba da labari sai ka rantse wata ƙasar yake nufi. Ɗaki mutum biyu, tikitin abinci, kaza ranar Lahadi, laburare da littattafan da aka buga a shekarar, malamai daga Ingila da Indiya da Gana suna rububin zuwa koyarwa. Lokacin da Sardauna ya kafa jami'ar a 1962 duka jami'o'in ƙasar nan biyar ne: Ibadan, Nsukka, Zariya, Ife da Legas. A 1975 da kuɗin mai ya zubo aka ƙara bakwai, ciki har da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos. Ku tuna fa zanga-zangar "Ali Must Go" ta 1978 wadda aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya, a kan ƙarin kwabo 50 ne na kuɗin abinci. Kwabo hamsin! Daga baya aka soke abincin gaba ɗaya, sai SAP, shirin gwamnati na gyaran tattalin arziki, ta zo a 1986 ta karya darajar naira, albashin malami ya zama abin dariya, baƙin malamai suka tattara suka tafi, namu ma masu hanya suka bi su. Ba ina cewa a dawo da kaza ranar Lahadi ba ne, wancan zamanin ɗaliban 'yan dubbai ne kuma yawancin talakawa ba su ma san hanyar jami'a ba, yanzu kuwa kusan mutum miliyan biyu ke zana JAMB, jarrabawar neman gurbin shiga jami'a, duk shekara. Abin da nake nufi shi ne a wancan lokacin in aka ce an kafa jami'a to an yi tanadin abin da za ta ci.

Yanzu kuwa jami'a ta koma kamar rijiyar burtsatse, aikin mazaɓa. Gwamnatin Jonathan ta kafa goma sha biyu tsakanin 2011 da 2013, irin su Dutse, Dutsin-Ma, Kashere, Gusau, Gashuwa da Birnin Kebbi, don kowace jiha ta samu tata. Waɗanda suka biyo baya ma ba su tsaya ba, ta noma, ta kiwon lafiya, ta sufuri, ta soja, kusan kowane babba sai ya kai ɗaya mahaifarsa kafin ya sauka. Gwamnan da ba ya iya biyan albashin jami'ar jiharsa guda ɗaya sai ka ji ya ƙara ta biyu. Masu zaman kansu da aka fara ba wa lasisi a 1999 guda uku ne kawai, yau sun fi na gwamnati yawa. Duka-duka jami'o'in Najeriya sun haura 270. A watan Agustan 2025 shi kansa ministan ilimi Tunji Alausa ya fito ya ce akwai jami'o'i 199 da ko ɗalibi ɗari bai neme su ta JAMB ba, 34 kuma ko mutum ɗaya bai nema ba, ya kuma ba da misalin wata jami'ar tarayya mai ma'aikata kusan 1,200 amma ɗalibanta ba su kai 800 ba. A kan haka gwamnati ta ce ta dakatar da kafa sabbin manyan makarantun tarayya na shekara bakwai. Na yaba, wallahi na yaba, sai dai a wannan zaman ne dai aka amince da sabbin jami'o'i masu zaman kansu guda tara, kuma mun san halin mutanenmu in zaɓe ya matso.

Tambayar da na so in yi wa Baba ita ce: malaman da za su koyar a tamu daga ina za a kawo su? Gini ai kwangila ce, wata shida ɗan kwangila ya tsayar maka da geti mai kyau da ofishin shugaban jami'a. Malami kuwa ba a siyo shi a kasuwa, kafin mutum ya yi digiri na ɗaya, na biyu, na uku ya goge a koyarwa ya kai ya duba aikin wani, an ci shekara goma sha biyar zuwa ashirin. Kwamitin da gwamnati ta kafa a 2012 ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu don duba buƙatun jami'o'i ya gano kashi 43 cikin ɗari ne kawai na malaman ke da digirin dakta, kuma a rahoton nan ne aka ga hoton lab ɗin da ake amfani da risho na kananzir a madadin abin ƙona sinadari. Tun daga lokacin an ƙara jami'o'i sun fi ɗari, malaman kuma sai guduwa suke, wasu Saudiyya, wasu Ingila da Kanada, wasu ma Ruwanda da Afirka ta Kudu. Abin da ke faruwa shi ne farfesa ɗaya ne za ka gani a jerin sunayen jami'a uku ko huɗu, a nan shi ne na dindindin, a can malamin bizitin, Litinin yana nan, Alhamis ya kama hanya, ya haɗa lakcar wata guda ya zazzage wa yara a yini biyu ya juyo. Ban ga laifinsa ba sosai, neman abinci yake. Amma sabuwar jami'ar ba ta ƙaro malami ko ɗaya ba, tsohuwar ta rage wa.

Akwai abin da na gani da idona muna aji uku, har yau in na tuna sai in yi dariya in kuma ji takaici. Aka ce masu tantance kwasa-kwasai daga Abuja za su zo sashenmu. Sati guda kafin nan aka fara fenti, aka gyara fankokin da tun muna aji ɗaya ba su taɓa juyawa ba, ana gobe za su zo da yamma sai ga mota ta kawo kwamfutoci da wasu na'urori aka jera a lab, mu ɗalibai mu muka yi dakonsu, aka share ƙura aka lulluɓe da farin ƙyalle. Laburaren sashe da muka sani da tsofaffin furojek na ɗalibai kawai sai ga shi cike da littattafai, ashe na malamai ne kowa ya kwaso daga gidansa. Aka ga wasu sabbin fuskoki a ofisoshi an liƙa sunayensu a ƙofa. Aka tara mu aka ce in baƙi sun tambaya mu ce muna yin firatikal duk mako, wani malaminmu mutumin kirki ya sunkuyar da kai ya ce, "Ku yi haƙuri, in aka ƙwace mana kwas ɗin nan ku ne a ruwa, ba mu ba." Kuma gaskiya ya faɗa. Baƙi suka zo suka zagaya suka ci abinci suka tafi, bayan kwana biyu motar nan ta dawo muka sake yin dako. Na gama digiri a fannin kimiyya, na'urorin da na taɓa da hannuna ranar dakon ne kawai.

Ajin da muke ɗaukar kwasa-kwasan gama-gari kuwa, in lakca ƙarfe takwas ce to bayan asuba za ka tafi ka ajiye littafi a kujera. Ɗakin mutum ɗari uku, mu mun fi dubu. Wasu a taga, wasu a ƙasa gaban allo, wasu a waje suna leƙe, ba lasifika, in akwai ma ba wuta. Wanda ke baya ba abin da yake ji sai dai ya ari littafin na gaba ya kwafa, na gaban ma rabin abin ya ji. A ƙarshe malami ɗaya zai duba takardar jarrabawa dubu da wani abu a sati biyu, sannan mu zo muna mamakin yadda sakamako ke ɓacewa.

Sai batun kuɗi, wanda nan ne kowa ke yi wa kowa ƙarya. Kason ilimi a kasafin kuɗin tarayya ya daɗe yana yawo tsakanin kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari. (Af, wannan maganar da ake ta maimaitawa a rediyo cewa UNESCO ta ce a ba ilimi kashi 26, a daina, abin da aka amince a kai a taron Incheon na 2015 kashi 15 zuwa 20 ne, kuma shi ɗin ma ko rabinsa da ƙyar muke kaiwa, don haka ba sai mun ƙara gishiri ba.) Abin da ya riƙe jami'o'inmu ba su rushe ba shi ne TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, kuma a nan dole a sara wa ASUU, don su suka kawo shawarar a yarjejeniyar 1992 lokacin Attahiru Jega na shugabansu, aka yi dokar harajin ilimi a 1993, kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni, daga baya aka ɗaga ya kai kashi 3. Shiga duk jami'ar gwamnati ka cire gine-ginen da aka rubuta TETFund a jiki ka ga abin da zai rage. Amma ga inda gizo ke saƙar: babban kason da ake rabawa duk shekara daidai wa daida ake ba kowace jami'a, a 2024 kowacce ta samu kusan naira biliyan 1.9, da mai ɗalibai dubu hamsin da mai ɗari takwas. To me zai hana gwamna ko sanata ya kafa allo ya ce jami'a ce, ya jira TETFund ta zo ta gina masa? Tukunya ɗaya ce, duk sabuwar jami'a ƙarin cokali ce kawai. Kuma TETFund ba ta biyan albashi, ba ta biyan kuɗin wuta, shi ya sa za ka ga katafaren gini mai gilashi amma banɗakinsa ba ruwa, tun da aka ƙara kuɗin lantarki na Band A, rukunin masu samun wuta mafi yawa, a Afrilun 2024 manyan jami'o'i ke kukan bil na ɗaruruwan miliyoyi a wata, wasu har yanke musu wuta aka yi.

Albashin malami kuma, a tsarin 2009 farfesan da ya kai ƙololuwa bai wuce naira dubu ɗari huɗu da wani abu zuwa ɗari biyar ba a wata. A lokacin dala tana wajen naira 150, kuɗin ya kai kusan dala dubu uku. Zuwa 2024 dala ta haura 1,500, ka yi lissafi da kanka, ɗan ƙarin da aka yi musu a tsakani bai rufe ko kusurwar ramin ba. Yarjejeniyar 2009 ɗin nan tsakanin gwamnati da ASUU an ce duk shekara uku za a sake duba ta, sai ga shi ta yi shekara goma sha biyar ba a sabunta ta ba, aka yi ta kafa mata kwamiti, na Babalakin, na Munzali Jibril, na Nimi Briggs, na Yayale Ahmed, yawancinsu suka zauna suka sha shayi suka miƙa rahoto aka sa a durowa. A 2013 an yi alkawarin naira tiriliyan 1.3 don farfaɗo da jami'o'i cikin shekara shida, aka saki biliyan 200 na farko, sauran sai ɗigo-ɗigo in an yi yajin aiki. Gwamnatin da ke sa hannu a takarda tana sane ba za ta cika ba ita ce uwar matsalar, wannan ba na tantama.

Amma fa ASUU su ma ba zan bar su ba, ko da malamaina za su ji haushi. Tun 1988 makami ɗaya ake ɗauka, kuma wanda makamin ke sara ba shi ne wanda aka yi niyya ba. Ɗan minista yana Landan ko Dubai ko jami'ar kuɗi a Abuja, ranar da aka rufe makaranta ko a jikinsa, ɗan mai faci ne ke dawowa gida. A 2022 bayan wata takwas me aka samu? Kotun ma'aikata ta ce a koma, gwamnati ta riƙe albashi, ta yi wa wata kishiyar ƙungiya rajista, sai daga baya aka biya wata huɗu daga cikin takwas. An dai cire jami'o'i daga IPPIS, tsarin biyan albashi na bai-ɗaya na gwamnatin tarayya, a ƙarshen 2023, to amma yaran da aka cinye wa shekara wa zai biya su? Sannan akwai ɓarnar cikin gida wadda ba gwamnati ce ta kawo ta ba. Malamin da zai ce in ba ka sayi handawut ɗinsa ba ka san makomarka. Wanda zai riƙe furojek ɗin ɗalibi wata shida bai buɗe ba. Wanda ke bin 'yan mata da maki, abin da binciken BBC na 2019 ya tona a Legas da Gana, mu kuma a nan Arewa muka yi kamar a can ne kawai ake yi, alhali duk wadda ta yi jami'a ta san wani labari, kunya da tsoron a ce ita ta kai kanta ne ke sa a yi shiru. Ga kuma yadda zaɓen shugaban jami'a ya koma rigimar ɗan ƙasa da baƙo, jami'ar tarayya amma sai ka ji ana cewa ai wannan karon na 'yan garin ne, ɗaukar aiki kuma ɗan wane da ƙanin matar wane. Ban taɓa jin an tafi yajin aiki a kan waɗannan ba.

Ɗaya ƙaryar ita ce ta "karatu kyauta". A takarda jami'ar tarayya ba a biyan kuɗin koyarwa, amma a 2023 kusan dukkansu suka ninka kuɗin rajista, wasu sau uku wasu sau biyar ko fi, a daidai lokacin da aka cire tallafin mai. Na san gidajen da aka zauna aka zaɓi wanda zai ci gaba a cikin yara biyu, kuma ka san mafi yawan lokuta wa ake cewa ta haƙura. A Kano sai da gwamnatin jiha ta biya wa ɗalibai dubu bakwai na jami'ar Bayero. Sai aka kawo NELFUND, asusun ba ɗalibai bashin karatu, aka buɗe a Mayun 2024, bashi ne marar ruwa, a biya maka kuɗin makaranta a kuma ba ka naira dubu 20 a wata, ka fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa ana cirar kashi 10 na abin da kake samu. Ni ban ƙi tsarin ba, yara da yawa da sun bar makaranta ba don shi ba, kuma duk wanda ke hana ɗansa nema da sunan riba ce ya je ya karanta dokar. Abin da nake so a fito a faɗa ƙarara shi ne nawa ake kashewa a koyar da ɗalibi ɗaya na likitanci ko injiniya a shekara, nawa gwamnati za ta ɗauka, nawa iyaye masu hali za su ɗauka, wa za a yafe wa gaba ɗaya. Yanzu ɗan babban ɗan kasuwa da ɗan mai gadinsa kuɗi ɗaya suke biya kuma dukkansu karatun bai ishe su ba, sai dai shi na farkon in ya ga ba dama ya tsallaka waje. Mun ga yadda abin yake a Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke a Sudan, dubban yaranmu aka kwaso a motoci ta hamada zuwa iyakar Masar, da yawansu ba wai Khartoum ta fi musu daɗi ba ne, can ne in an ce shekara biyar to biyar ɗin ce.

Yanzu bari in dawo kanmu, don mu ma iyaye da 'yan gari muna da kaso. Mu kwali muke so. Shi ya sa ɗan jaridar nan Umar Audu ya iya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, har ya tafi bautar ƙasa da shi, sai da gwamnati ta dakatar da karɓar takardun Benin da Togo. Waɗanda ke sayen irin wannan takardar ai ba aljanu ba ne, 'ya'yanmu ne kuma da kuɗinmu, wasu an yi musu walima. Yaro ya samu gurbi a Kaduna Poly ya karanci injiniyan lantarki, sai uwa ta ce a'a a jira wata shekarar ya samu jami'a ko da kwas ɗin da shi kansa bai san amfaninsa ba ne, don a ce ɗanta yana jami'a. Kuma ba za ka ga laifinta duka ba tunda gwamnati da kanta ta mayar da mai HND, wato babbar diflomar foli, ɗan bora a wajen aiki, majalisa ta zartar da ƙudirin cire bambancin a 2021 ba a sa masa hannu ba. Maimakon a gyara wannan sai aka koma mayar da foli da kwalejojin ilimi jami'o'i, a sauya allon bakin geti shikenan an yi gyara.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne kwalejojin ilimi. Makin shiga jami'a mafi ƙanƙanta 140 ne aka ɗaga zuwa 150 a 2025, na kwalejin ilimi kuwa 100 cikin 400. Wato wanda ya fi kowa rauni shi muke turawa ya zama malamin firamare, shi zai koyar da yaron da zai zana JAMB nan da shekara goma. A 2025 cikin kusan mutum miliyan 1.9 da suka zana, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba, duk da dai an samu tangarɗar na'ura da ta shafi kusan dubu 380 a Legas da Kudu maso Gabas har shugaban hukumar Ishaq Oloyede ya zubar da hawaye a gaban 'yan jarida. Mu a nan ba na'ura ce matsalarmu ba. Sakandaren gwamnati ta garinmu, wadda ake cewa a harabarta za a fara jami'ar, shekara nawa ba ta da malamin fizis na dindindin sai ɗan bautar ƙasa in Allah ya kawo, yaran da yawa ranar jarrabawar JAMB ce ranar farko da suka taɓa linzamin kwamfuta. To in an kafa jami'ar su wa za su cike gurbin likitanci da injiniya? Yaran wasu garuruwan ne za su zo, namu kuma su samu aikin gadi da shara da sayar da ruwan leda a bakin geti, abokina mai ɗakunan haya ne kawai zai ci riba.

Da ni ake tambaya, dakatarwar shekara bakwai ɗin nan a riƙe ta da gaske, a haɗa da jihohi, gwamnan da ake bin sa albashin malamai kada hukumar kula da jami'o'i NUC ta ba shi lasisin ko da aji ɗaya. Ƙananan jami'o'in da ba ɗalibai a haɗe su da manya su zama rassa, shugaba ɗaya, magatakarda ɗaya, motocin ofis kaɗan, na san ba ɗan siyasar da zai so jin wannan don ba a buɗe haɗewa da almakashi da kyamara. Kuɗin TETFund ya bi yawan ɗalibai da irin aikin da ake yi, a rage na gini a ƙara na kayan lab da wutar sola da horar da malamai. Masu tantancewa su daina aiko da ranar zuwansu, su faɗo kawai ranar Talata da rana tsaka su ga lab yadda yake. Kowace jami'a ta liƙa abin da ta samu da abin da ta kashe inda ɗalibi zai gani. Shi kuma ɗan majalisarmu, kuɗin da zai kashe wajen bin ƙudirin nan da fostoci da 'yan rakiya, da ya ɗauki malaman kimiyya biyar ya biya su shekara huɗu ya sa kwamfuta talatin da sola a sakandarenmu, da ni da kaina zan liƙa masa fosta.

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan an sauko daga masallaci Baba ya kira ni gefe, na ɗauka faɗan ranar nan zai ƙarasa, na durƙusa na gaishe shi. Sai ya zaro wata takarda a ninke daga aljihun babbar rigarsa, sakamakon JAMB ɗin jikansa ne, 138, karo na uku kenan yana zanawa. Ya ce, "Ɗan nan, kai da ka yi makarantar nan, ba ka san wani a ciki ba da zai taimaka a cusa mana shi? Ko wane kwas ne ma, shi dai ya shiga." Na karɓi takardar na ce, "To Baba, zan tambaya in sha Allahu." Tana nan a aljihuna har yanzu.